Taku Dubu Goma a Zaune

A ɗakin jiran ganin likita, wani dattijo na ta kaɗa hannu. Na kusa da shi, mai sanda, ya kasa haƙuri.

"Malam, rawar jiki ce ta kawo ka?"

"Ina! Agogon nan nake yi wa wayo. 'Yata ce ta ɗaura min, yana ƙirga takuna ya aika mata a waya. In bai kai dubu goma ba, sai kira."

"Ashe da ɗan tsere nake zaune."

"Yi dariyarka. Ana ta surutu wai gwamnati na leƙen wayoyin mutane. Gwamnati ta taɓa tambayata dalilin da na wuni a kujera?"

"To me kake yi a kujerar?"

"Noma. Akwai wani wasa a waya, gonata ta kai mataki na tamanin."

"Sannu da aiki, manomi! In an kira ka, tura agogon ya ga likita, ai shi ne mai lafiya."

"Ba a ɗaura maka ba ne, shi ya sa."

"Ni ai cikakken 'yanci gare ni. Na faɗi a banɗaki ran Talata, sai Alhamis 'ya'yana suka sani."

Dattijon ya daina kaɗa hannu.