Babur Mai Wani Kuka Daban

A rumfar masu sayar da tsofaffin babura, wani mai kai burodi shaguna ya sa ana tayar masa da su ɗaya bayan ɗaya, yana saurare ido a rufe. Wani dattijo da ya kawo facin taya ya kasa haƙuri.

"Ɗana, babur kake saye ko rediyo?"

"Baba, duk na rikice. Kuɗina jan nan kawai za su kai, ko baƙin."

"To ɗauki jan mana! Baƙin hayaƙi yake yi kamar murhu."

"Jan kukansa irin na gida ne."

"Au, kana da wani a gida? Ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. Bugu ɗaya yake tashi."

"Ikon Allah! Ka bar mai lafiya a gida, ka zo neman majinyaci? Ni ne ban gane ba, ko kai?"

Mai burodi ya shafa kujerar baƙin.

"Na ƙanena ne, ya rasu da damina. Inna ta hana a sayar. In kuma na hau, ina shigowa layi sai ta taso da sauri ta buɗe ƙofa, ta ga ni ne."

 Dattijo ya tsuguna, ya kara kunne a jikin baƙin.

"Wannan bai yi kama da shi ba ko?"

"Ko kaɗan."

"To ɗauka. A canja ringin injin, hayaƙin zai tsaya. Amma kada ka bari su taɓa salansar."