Gona Ba Ta Biyan Albashi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Ɗanladi, manomi daga wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa.

Na ɗauki taki bashi wurin Alhaji Sule, sai tsutsa ta cinye masarar da na shuka, na kasa biya. Magana ta kai kotu. Alƙali ya ce in riƙa biya wata-wata. Na ce na yarda, ban ko yi tunani ba.

Na fara biya da kuɗin awakinmu. Da bazara ta zo, awaki sun ƙare, ga ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Maƙwabcina ya ce in ba shi gonar da mahaifina ya bar mini jingina. Kun san yadda ƙasa take a wajenmu: gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo.

Abinci ya daina shiga. Matata Laraba ta ce, "Maigida, kai ma'aikacin gwamnati ne? Yaushe gona ta fara biyan albashi? Ka koma ka gaya wa alƙali."

Na ce, "Na riga na ce i. Mai bin Yesu ba ya magana biyu."

A taron addu'a na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, ba na son cin haƙƙin Alhaji, ba na son rasa gona. Ka nuna mini hanya." Da muka tashi, dattijonmu Baba Ishaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, mai ɓuya shi ne ya karya alkawari. Kai gaskiya za ka kai."

Shi ya raka ni kotu na shigar da roƙo. Ranar zama har tabarma na ɗauka, don na ɗauka tsare ni za a yi.

Na faɗi halina. Alƙali ya tambayi Alhaji. Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, manoma duka da kaka suke biyana. Shi ne ya amsa wata-wata, ni ma na yi mamaki."

Aka mayar da biyan zuwa kaka.

Yabo ga Allah! Bana na kai kason farko daga gyaɗar gonar nan da na kusa bayarwa. Har yanzu ni mai yawan damuwa ne, Laraba shaida ce. Amma ɗan'uwa, kafin ka miƙa gonarka, ka durƙusa, sannan ka tashi ka je ka yi magana. Ubangiji yana ji. Amin.