Inci Uku a Bayan Akori-kura

A bencin garejin wani bakanike, dattawa biyu da ba su san juna ba suna kallon wata akori-kura da aka ɗage bayanta.

"Malam, taka ce? Me ake cusa mata?"

"Tubalin ƙarfe ne, tsakanin sifirin da aksil, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Bayan zai sauko inci uku."

"Kai! Da furfurarka kake gayun samari? Tudun titi zai riƙa gogar ta fa."

"A hankali nake tafiya. Gyaran firji nake yi, kuma ni kaɗai nake lodi yanzu. Yaran duk sun kama aikinsu, autar ma ta zama nas."

"Masha Allah. Wato dai bayanka ne ya fara ciwo."

"Wa ya gaya maka? Bayana ƙalau! Mai ɗakina ce ta ce in ta ƙara jin na yi nishi wajen ruku'u, za ta ɓoye makullin motar."

Suka yi dariya har bakaniken ya leƙo.

"Tawa ma irin taka ce, siminti nake ɗauka," in ji mai tambayar. Ya dafa ƙugu, ya miƙe a hankali. "Bari in ji ko yana da na inci huɗu."