Katun ɗin da ya tuna wa Kaka tsohon garinsu

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, ina gaishe ki tare da duk masu sauraro. Don Allah kada ki faɗi sunana. Daga Tiga nake, bana na shiga ƙaramar sakandare.

Ranar Juma'a muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai Gwaggona ta kunna mana katun a wayarta. Labarin wata yarinya ne da ta fara al'ada, ta ɓuya a ɗaki tana kuka. Kakata kullum cewa take katun wasan 'yan aljanu ne, amma ranar sai ta ajiye faifai ta matso.

Ta ce, "Kai, jama'a, wannan ai ni ce!"

Ta ba mu labari cewa a tsohon garinsu, wanda ruwan madatsar Tiga ya cinye, ta ɗauka ciwo ne ya kama ta, ta cusa zaninta bayan rumbu. 'Yar fari ce, saboda kunya innarta ko sunanta ba ta kira. Washegari ta tarar da zanin a wanke a ninke, ga ƙwaryar fura a gefe. Kaka tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Har ta rasu ba mu taɓa zancen ba."

Anti, ni ma 'yar fari ce. Wata biyu ke nan da na fara, ina ta alwalar ƙarya don kada a gane. Yaya zan yi in faɗa wa Umma? Ku taimake ni da shawara.

Kullum Umma tana jin shirin nan tana tuƙa tuwo. Umma, in kin gane, ina gaishe ki.