Wa Zai Zuba Ruwa Bayan Alhaji Chaïbou?

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya ba da aron rai, Shi kuma ke karɓar kayanSa ba sallama. Mai girma Liman, malamanmu, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan Greensboro da 'yan majalisarsa, iyayenmu maza da mata, Hajiya Hamsatou, uwar gidan marigayi kuma uwarmu, 'ya'yansa Abdoul-Aziz da Houda, da sauran jama'a har zuwa samarin da suka kafa sansani kusa da tukunyar shinkafa: assalamu alaikum.

Na san an yi mamaki da aka ce Badaru ne zai yi jawabi, mutumin da ko a wurin ɗaurin aure sai an ja masa kunne. Hajiya ce ta yanke hukunci. Ta ce ni na yi tafiyar ƙarshe da shi, ni zan ba da labarinta.

Alhaji Chaïbou ya kasance mutumin da ake ba baƙo lambar wayarsa tun kafin jirgi ya sauka. Ya kasance mai cika firijin ɗalibanmu na unguwar Glenwood, har wasunsu suka ɗauka kaji na tsirowa ne a ciki. Ya kasance, kuma nan maganata take, mai wanke mana gawa. Tun da muka zama al'umma a garin nan, babu namijinmu da ya shiga ƙasa sai ta hannunsa, shi kaɗai. Ya sha tsayawa a ƙofar masallaci yana roƙon wani ya zo ya koya. Mu kuwa kowa da uzurinsa, wannan yana da aiki, wancan jarrabawa.

A bazarar da ta wuce ya sayi tsohuwar motar nan mai gado da murhu a ciki, wadda yake kira kampinkar da Faransancinsa, ya girke ta a ƙofar gidansa na McLeansville. Ya ce kewar yashin Tahoua ta dame shi, kuma ya ji labarin Amurka ma tana da hamada a yamma. Ya naɗa ni Babban Direba kuma Sarkin Murhu. Hajiya, wadda ba ta barinsa ya je ko High Point da ke nan kusa ba tare da tambayoyi ba, ta haɗa mana guzuri ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya kamata ya tsorata ni.

Muka ratsa jiha bayan jiha. Ina dafa abinci da dukkan fasahar da Allah Ya hore mini, yana taɓa loma ya ture. A New Mexico muka shiga wani ƙaramin gari da kowa mai zane ne, har mai sayar da fetur. Can muka tarar da wani masassaƙi mai suna Seth, yana da mutum-mutumi na itace, tsawon mutum, gaɓoɓinsa na lanƙwasuwa. Alhaji ya ɗaga hannun itacen, ya naɗe gwiwarsa, ya tallafi wuyansa. Seth ya gaya mini bai taɓa ganin wanda ya taɓa aikinsa da irin wannan ladabi ba. Alhaji ya saya.

Na ce, "Alhaji, bayan aikin Hajji da furfura, gunki za mu kai wa Hajiya tsaraba?"

Ya ce, "Kama ƙafafun."

Sai da muka isa wani gandun yawon buɗe ido na farin yashi, fari fat har yana kashe ido, ya buɗe wata jaka da ya hana ni taɓawa tun daga gida. Ganyen magarya ne, da kafur, da farin yadi. Na shaida masa cikin girmamawa cewa ni ko kaza aka yanka sai na kau da kai. Bai yi gardama ba. Ya ce makullin mota na hannuna, in na ga dama mu juya. Ya shimfiɗa itacen, ya rufe masa al'aura, ya fara wanka shi kaɗai. Kofin ruwa ma ya yi masa nauyi, rabin ruwan na ƙarewa a yashi, ungulaye kuma suna kewayawa a sama kamar an aika musu goron gayyata. Na karɓi kofin.

Daga nan kowane gandu muka yada zango, darasi ne. Masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoton jajayen duwatsu, ni ina koyon fara alwala, da gabatar da dama, da naɗe hannu da ƙyalle. Wata safiya a Arizona, tsakanin itatuwan ƙayar nan masu ɗaga hannuwa sama, ya ce in jingine itacen. Ya kwanta da kansa a tabarma, ya ja mayafi, ya rufe ido.

Ya ce, "Itace ba ya jin zafi, Badaru. Juya ni."

Na juya shi. Jama'a, itacen ya fi shi nauyi. Ido a rufe ya ce, "A hankali. Mamaci na jin hannu." A ranar ya gaya mini abin da likita ya faɗa masa tun kafin ya sayi motar.

Hajiya, kin sani, kika bar shi ya tafi. Ɗan ƙarfin da ya rage masa naki ne da 'ya'yanki, kika ba mu shi. Ba mu da bakin gode miki. Houda, ki yi haƙuri, ubanki bai gudu daga gare ku ba.

Da ya cika, ni na wanke shi. Abin da na gani ba zan faɗa ba, wannan ne darasin farko. Amma ni ba Alhaji ba ne, ba zan iya wanka ni kaɗai ba, dole wani ya riƙa zuba ruwa. Na leƙo waje na tambaya. Mazanmu cike da farfajiya, kowa ya tsunduma cikin wayarsa kamar an turo masa wahayi. Wani ɗan'uwa ɗan Sudan, wanda bai taɓa cin kazar Alhaji ba, shi ya naɗe hannun riga.

Ku dubi sahun gaba, ku ga yadda gemu ya yi fari. Ku dube ni, ni ne dukkan abin da ya rage muku, kuma kun san yadda nake tuƙi. Abdoul-Aziz, na ga ka sunkuyar da kai, ba kai kaɗai nake nufi ba. Zan tsaya a bakin ƙofa bayan addu'a, inda yake tsayawa. Ranar da aka shigo da ni a shimfiɗe, ina son a sami wanda ya san yadda ake juya mutum.

Na gode da sauraronku. Allah Ya jiƙan Alhaji Chaïbou, Ya wanke shi daga zunubi kamar yadda ya wanke namu mamatan, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah kada Ya bar mu muna jiran hannu. Amin.