Gashin Ƙeyar Abdulshakur

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Sarkin Aski, mai unguwa, malam liman, 'yan'uwana wanzamai masu aska, ƙannena masu kilifa da shago, da jama'ar Ƙohwar Rini da kunka bar sana'arku kunka zo, ina gaishe ku da ranar ga.

Na gode da anka ba ni magana. Sunana Jibrin Wanzami, shekara arba'in da ukku ina riƙe da aska. An tsai da ni in goyi bayan dokar da ƙungiyarmu za ta yanke yau: a hana askin ga da samari sunka ɗauko, wanda aka kwashe gaba da gehe a bar gashin ƙeya shi sauko har wuya, kuma daga Asabar duk wanda anka gani da shi, tasha ko kasuwa, a zaunar da shi a aske, ko yana so ko ba ya so. An zaɓe ni don an san na taɓa yin haka. Magana ukku gare ni.

Ta hwarko, askin ga muni gare shi, ban musa ba. Gaba kamar mai neman aikin gwamnati, baya kamar tsohuwar tsintsiya. Wasu sun ce na 'yan ƙwallo, wasu sun ce na mawaƙa, wasu sun ce na 'yan shaye-shaye. Amma ku masu hurhura, wa cikinmu ba a bar ma zanko ko tukku ba yana ƙarami? Sarkin Aski, na san wanda yab bar maka naka, kuma ga ka nan ba ka lalace ba.

Ta biyu, ku ji yadda nawa aikin yak kasance. Shekara shida da sunka wuce ɗana Abdulshakur yad dawo daga Ikko da askin ga bisa kai. Majalisa tas sa ni gaba, ana cewa aska ta mutu gidan wanzami. Na yi mai hwaɗa, bai aske ba. Na yi mai rantsuwa, bai aske ba. Dalili kaɗai ban tambaye shi ba. Wata rana bayan azahar yana barci cikin zaure, niɗ ɗauko aska. Kun san hannuna, bai motsa ba sai da nig gama.

Jama'a, yana shekara huɗu ya yi wani ciwon kai mai tsanani, ni da hannuna niy yi mai tsaga da ƙaho ga ƙeya. Wurin bai warke daidai ba, yak kumbura yaz zama tabo mai hwaɗin yatsa ukku. Kowace Juma'a nikan aske kan nan tal, in tura shi cikin yara, su yi ta tambayar wane wanzami yay yi wagga ɓarna. Ina ganin tabon, ban taɓa tuna yana da nauyi ba.

Da yat tashi, yash shahwa ƙeyatai, yad dube ni yac ce, "Baba, aikinka nika ruhe maka."

Yaɗ ɗauki hula yah hita, bai ko ɗaga murya ba. Ranar yab bar garin ga, har yau bai dawo ba. An ce wanzami ba ya son jarhwa. Ranar nan nis san dalili.

Uwatai Dije ta rasu tana tambayar ko ya aiko. Tun sa'annan ni kaɗai nika gidan. Ni kaɗai nika cin tuwo, ni kaɗai nika ruhe ƙohwa, ni kaɗai nika amsa ma kaina in na yi tari. Wuni nika yi ina riƙe kawunan ɗiyan mutane, ina karkata su nan da can, in an yi magariba kowa shi koma ga ubanai. Ba ni jin kunyar hwaɗi gabanku, kaɗaici ya ci ni.

Ta ukku, kuma ita ta kawo ni. Makon jiya Gambo direba yak kawo min saƙo: Abdulshakur zai sauka tasha ran Lahadi, kuma gashin ya koma yadda yake. Dokarku za ta hwara Asabar. Ku duba mini, bayan shekara shida, abin da zai tarbe shi garin ubanai shi zama aska, kuma da sa hannun ubanai ga takarda? Aski ya zo gaban goshi, 'yan'uwa. Ku yi wa samari nasiha, ku ƙi yin askin cikin shagunanku in kun so, amma ku tambayi mutum mi yaka ruhewa kahin ku buɗe shi.

Shugaba, ga zabirata, jakar kayan askina, bisa tebur. In dokar ta wuce, a riƙe ta, a cire sunana. Ran Lahadi tun hantsi ina tasha, kuma duk wanda zai taɓa kan yaron nan sai shi hwara da gemuna.

Allah Shi shirya muna ɗiyanmu, Shi shirye mu tare da su. Allah Shi jiƙan waɗanda sunka riga mu. Allah Shi mai da kowa gida lahiya, na cikin taron ga da wanda ke bisa hanya.

Na gode.