Yatsun Mai Kitso da Injin Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hauwa'u, mai kitso ce ni a Kudan.

Shekara tara ke nan ana yi mini wankin ƙoda a Zariya. Tun bara yatsuna suka fara sagewa, har tsaga ta gagare ni. Ranar da jikata Ummi ta kawo mini kanta, sai maƙwabciya na kira ta yi mata.

Da na faɗa wa likita ya ce, "Mama, akwai wani sinadari a jini da injin ba ya iya tace shi duka, shi ke taruwa a gaɓoɓi. Masana suna gwada wata matata mai ɗauke da irin sojojin jiki, waɗanda za su gane shi su riƙe shi. Amma ba ta iso ba tukuna."

Tun daga ranar, in aka jona ni da injin sai in lumshe ido. Nakan ga jinina yana ratsa matatar a hankali, yana dawowa garau. Nakan gan ni a inuwar mangwaro, kan Ummi bisa cinyata, ina yi mata shuku. Awa huɗu kan wuce ban sani ba.

Don Allah ku gayyato likita ya gaya mana gaskiya: mu sa rai, ko rabon 'yan baya ne?

Ina gaida Inna Ladi ta Gubuchi, mai gadon kusa da nawa. Ba mu gan ki ranar Talata ba. In kina ji, ki aiko mana da saƙo.